Sabon inji a tsohuwar mota, ko sabuwar mota da injin aro? Audi da Cadillac a kan sikeli

Saura 'yan kwanaki a kama azumin 2026 ɗan yayata ya faɗo shagona a Yelwa, inda nake sayar da kayan gyaran mota. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya miƙo mini waya. Hoton wata motar tsere ce, gefe guda baƙi, gefe guda fari, wadda aka nuna wa duniya cikin tallan Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka.

"Kawu, bana na bar Ferrari. Sun ishe ni da ciwon kai. Cadillac zan bi."

Maƙwabcina bakanike yana kan benci yana goge hannu da tsumma. Bai damu da Formula 1 ba, amma in ana hirar inji ba ya iya yin shiru. Ya ce, "Yaro, injin wa ke cikinta?"

"Na Ferrari ne, Baba, kafin su ƙera nasu."

"To ashe ba ka bar Ferrari ba, riga ka canja mata."

Aka kwashe da dariya. Sai dai tambayar nan ta bakanike ita ce ta farko da ya kamata mutum ya yi kafin ya ɗauki ɗaya daga cikin sababbin shiga biyu, Audi da Cadillac, na kakar 2026 ta Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya. Mu masu kallon tseren nan a Garwa ta Kamaru ba mu da yawa, benci uku ya ishe mu. Amma tun da aka ce Audi da Cadillac za su shigo, har waɗanda ba su san bambancin tayar ruwan sama da ta busasshiyar hanya ba suke tare ni da tambayar wacce za a bi. Duka biyun ana kiran su sababbi, alhali sabuntar tasu ba iri ɗaya ba ce ko kaɗan.

Audi ba daga fili ta fara gini ba, gida ta saya da mutanensa a ciki. Ta karɓi ƙungiyar Sauber, wadda take tsere a Formula 1 tun 1993, da masana'antarta a garin Hinwil na Suwizalan, da ɗakin gwajin iska nata na kanta, da kanikawan da suka shekara da shekaru suna canja taya tare. Abin da yake sabo fil a wurinta shi ne inji. A Neuburg ta ƙasar Jamus aka ƙera shi, kuma shi ne injin Formula 1 na farko da Audi ta taɓa yi, duk da cewa tun watan Agustan 2022 ta sanar da shigowarta a filin tsere na Spa da ke Beljiyam.

Cadillac kuwa akasin haka ce. Komai nata sabo ne: ginin, ma'aikatan, gangar jikin motar, har manyan motocin da ke jigilar kaya. Inji da giya ne kaɗai ta karɓo daga Ferrari, kafin injin General Motors, uwar kamfanin, ya fito a 2029 kamar yadda aka tsara. Ita ce ƙungiya ta goma sha ɗaya, kuma ba da hannu biyu aka karɓe ta ba. Da sunan Andretti, wata ƙungiyar tseren motoci ta Amurka, aka fara neman shiga. FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, ta amince a watan Oktoban 2023, masu riƙe da harkar kasuwancin gasar suka ƙi a Janairun 2024. Sai da aka sake shiri, General Motors ta shigo da ƙafa biyu tare da kamfanin TWG Motorsports, sannan ƙofa ta buɗe, aka ba da izini na ƙarshe a watan Maris na 2025. Kuɗin shiga kawai, wanda ake raba wa tsofaffin ƙungiyoyi goma saboda an ƙara mai ci a kwanonsu, kafafen labarai sun ce dala miliyan 450 ne. In ka juya shi zuwa kuɗinmu wajen sefa biliyan 250 ke nan, kafin a ɗaura ko noti ɗaya.

Abin da ke hura wutar ɗokin shi ne dokokin bana, waɗanda suka rushe kusan duk abin da aka saba. Injin yana nan V6 mai lita 1.6 da turbo, amma kusan rabin ƙarfin motar yanzu daga lantarki yake fitowa: ɓangaren da a da yake ba da kilowat 120 ya koma 350. An cire na'urar da ake kira MGU-H, mai tara wuta daga hayaƙin da ke juya turbo, wadda ita ce ta fi kowace wuyar ƙerawa, kuma cire ta na cikin abin da ya jawo Audi. Man da za a ƙona ba ɗanyen man rijiya ba ne. Fikafikan gaba da na baya suna kwantawa a miƙaƙƙiyar hanya, su tashi in an zo kwana. Motar ta rage tsawo da faɗi, an kuma rage mata wajen kilo 30. Shi ya sa za ka ji samari suna cewa ai kowa daga sifiri zai fara, sabon shiga ma zai iya ɗauke kofi kamar yadda Brawn ta yi a 2009.

Wannan kallon kitse ne ake yi wa rogo. Brawn suna ne kawai sabo. Ƙungiyar Honda ce da uwar kamfanin ta janye a ƙarshen 2008, bayan an gama zuba kuɗi a motar, sai aka cusa mata injin Mercedes. In dokoki suka canja, wanda ya fi ƙwararrun ma'aikata da tsofaffin bayanai shi ke fara gane hanya, ba baƙon da har yanzu yake tambayar ina ƙofar gari.

Mu koma kan inji, don nan ne Audi take iya faɗuwa. Kamfanoni biyar ke ba da inji bana. Na Mercedes yana cikin motoci takwas: nata, da McLaren, da Williams, da Alpine. Na Ferrari yana cikin shida: nata, da Haas, da Cadillac. Na Red Bull da Ford yana cikin huɗu. Honda biyu, Audi biyu. Duk wanda ya taɓa zama a gareji ya san abin da wannan ke nufi. Bakaniken da Corolla takwas ke shigo masa a mako ya fi saurin gane ciwonta fiye da wanda yake ganin biyu. Kowane zagaye da mota ta yi bayani ne ga injiniya, kuma na Audi zai zo ne da cokali yayin da na Mercedes ke zuwa da ludayi. Ku tuna da Honda, mai dogon tarihi a wannan gasa. Ta dawo a 2015 tare da McLaren, suka ƙare na tara, inji yana mutuwa kusan kowane mako. Sai 2019 ta sake cin tsere, a Ostiriya, da Max Verstappen a motar Red Bull. In Honda ta sha wannan, babu dalilin da zai sa a ɗauka Audi za ta tsallake siraɗin a taku ɗaya, duk da nasarori 13 da ta yi a tseren sa'o'i 24 na Le Mans, da kuma tseren hamada na Dakar da ta ci a 2024 da Carlos Sainz babba. Waɗancan wasu fagage ne daban.

Amma in injin ya zauna, nata ne. Tana iya gina motar a jikin injin, ta gina injin a jikin motar, ba sai ta jira abin da wani ya aiko ba. Cadillac kuwa yadda aka ba ta haka za ta karɓa, ta yi wa motarta ɗinki daidai da jikin wani. An ce kayan aro ba ya rufe katara, ko da yake a nan dole in yi adalci: McLaren da injin Mercedes na saye ta ci kofin ƙungiyoyi a 2024 da 2025, ta kayar da masu injin kansu. Don haka aron inji ba shi ne zai hana Cadillac barci ba. Hasali ma ya ɗauke mata babban kaya guda.

Abin da zai hana ta barci shi ne duk sauran. Na taɓa ganin wani attajiri ya buɗe sabon gareji a bakin hanyar Marwa, ya sayo kayan aiki da ko a Duwala ba kowa ke da irinsu ba, ya ɗebo gwanaye daga garejin mutane. Wata uku na farko abin tausayi ne. Kowa gwani ne shi kaɗai, amma in an ɗaga mota sai a yi minti goma ana neman sifana mai lamba goma, wannan yana jiran wancan, wancan ya ɗauka wannan ya riga ya ɗaure. Ba kuɗi ba ne ya yi ƙaranci, sabo ne babu. To a Formula 1 mutum wajen ashirin ke canja taya huɗu cikin daƙiƙa biyu da ɗoriya, McLaren ma ta taɓa yi a daƙiƙa 1.80 a Katar a 2023. Ga tsere sama da ashirin a nahiyoyi daban-daban, a kwashe kaya daren Lahadi, a kafa su a wata ƙasa kafin Alhamis. Ga ƙungiyar a warwatse: wasu a Silverstone ta Ingila, wasu a Indiana, wasu a Karolina ta Arewa, gwajin iska kuma a ɗakin Toyota da ke Kolon ta Jamus. Injiniyan Ingila yana shirin cin abincin rana, na Amurka yana tashi daga barci. Audi ma a rabe take tsakanin Hinwil da Neuburg da wani ƙaramin ofishi a Bicester, amma kanikawanta na fili sun riga sun san numfashin juna.

Wajen direbobi ne na fi jin daɗin kwatancen. Cadillac ta ce da tsohuwar zuma ake magani. Ta ɗauko Valtteri Bottas ɗan Finlan, mai nasara 10, wanda ya zo na biyu a duniya a 2019 da 2020 yana gefen Lewis Hamilton, da Sergio Pérez ɗan Meziko, mai nasara 6, na biyu a 2023. In ka haɗa su sun tashi tsere sama da 500. A farkon 2026 dukansu shekarunsu 36, dukansu kuma ba su yi tsere a 2025 ba: Red Bull ta rabu da Pérez a ƙarshen 2024, Bottas kuma ya zauna benci a Mercedes. Ga sabuwar ƙungiya wannan zaɓi ne na hankali. Ba gudu take nema ba tukuna, tana neman wanda zai sauko daga mota ya ce gaban ne ke zamewa a kwana ta bakwai, kuma a yarda da maganarsa. Abin dariyar shi ne dukansu 'yan tsohon gidan da Audi ta saya ne. A Sauber Pérez ya fara a 2011, Bottas kuma a can ya yi 2022 zuwa 2024 kafin a sallame shi. Duk ranar da ɗayansu ya wuce motar Audi, ku duba fuskar mutanen Hinwil.

Audi ta haɗa tsoho da yaro. Nico Hülkenberg Bajamushe ne da ya daɗe ana yi masa ba'a, don ya fi kowa yawan tsere ba tare da ya taɓa shiga ukun farko ba, har sai watan Yulin 2025 a Silverstone, cikin ruwan sama, a tserensa na 239, ya zo na uku. Ranar ni kaina sai da na miƙe tsaye, alhali ba ƙungiyata ba ce. Gabriel Bortoleto ɗan Burazil kuwa a 2004 aka haife shi, ya ci ƙananan gasannin da ake bi kafin Formula 1, wato Formula 3 a 2023 da Formula 2 a 2024, kowanne a shekararsa ta farko. Wannan bambanci ne da mai zaɓe ya kamata ya auna. Ranar da motar Cadillac za ta nuna, da wuya a ce Bottas da Pérez ne a ciki. Bortoleto kuwa yana iya kai wa 2030, shekarar da Audi ta ce tana son fara neman kambu, yana tsakiyar ƙarfinsa.

Tarihi bai yi wa kowacce alƙawari ba. A 2010 ƙungiyoyi uku suka shigo daga tushe. HRT ta rufe a ƙarshen 2012 ba maki ko ɗaya. Lotus, wadda ta koma Caterham, ta shekara biyar ita ma ba maki. Virgin, wadda ta koma Marussia sannan Manor, maki uku ta tara a dukan rayuwarta, biyu daga ciki na Jules Bianchi ne a Monako a 2014. Graeme Lowdon, shugaban ƙungiyar Cadillac a farkon kakar 2026, yana cikin jagororin waccan ƙungiyar, don haka ya san ɗanɗanon zama a wutsiya, illa dai a wancan karon babu kuɗi, yanzu akwai. Wadda ta ba da mamaki ita ce Haas a 2016: Romain Grosjean ya zo na shida a tseren farko a Ostareliya, na biyar a Bahrain. Amma Haas ta sayi duk abin da doka ta yarda a saya daga Ferrari, wani kamfanin Italiya mai suna Dallara ya ƙera mata jikin mota, kuma har ƙarshen 2025, shekara goma, ba ta taɓa shiga ukun farko ba. Cadillac ta zaɓi ta yi yawancin nata da hannunta, hanyar da ta fi tsawo.

Masu kuɗi ma sun sha ƙasa. BAR ta shigo a 1999 da kuri da cika baki, da zakaran duniya Jacques Villeneuve, ta gama shekarar ba maki. Toyota, wadda motocinta suka cika titunan Garwa da Njamena, ta yi daga 2002 zuwa 2009 tana zuba dukiya, ta fita ba ta ci tsere ko ɗaya ba. Waɗanda suka yi irin abin da Audi ta yi, wato sayen tsohon gida, su ma sai da suka jira. Red Bull ta sayi Jaguar a ƙarshen 2004, nasarar farko sai 2009, kambu 2010. Mercedes ta sayi Brawn mai riƙe da kofi, amma sai 2012 ta ci tsere, sai 2014 ta ɗauki kambu. Mu nan ma shaida ne: a 1986 aka kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafarmu ta Coton Sport, da kamfanin auduga a bayanta, amma sai 1997 ta fara cin gasar lig ta Kamaru.

Akwai tabo biyu a jikin Audi da ba zan ɓoye ba. Na farko, gidan bai zauna lafiya ba a lokacin shiri: a tsakiyar 2024 aka sallami manyan jagorori biyu, aka kawo Mattia Binotto, tsohon shugaban Ferrari kuma injiniyan inji. Na biyu, manyan kamfanonin mota ba su da kunyar tattara kayansu in kasuwa ta juya. Mutanen Hinwil sun taɓa gani da idonsu. BMW ta riƙe su daga 2006, suka ci tserensu ɗaya tak a Kanada a 2008 da Robert Kubica, ƙarshen 2009 ta juya musu baya. Gefen alheri kuma, Sauber da ta zo ta ƙarshe a 2024 da maki 4 ta tashi zuwa maki 70 a 2025. Wato Audi ta karɓi gidan ne yana kan farfaɗowa.

Yanzu ga abin da ya shafe mu, mu da muke biyan kuɗin Canal+ muna kallo daga bakin Binuwai. Motoci 22 ne za su tashi, goma kaɗai ke samun maki. McLaren da Mercedes da Red Bull da Ferrari, in sun riƙe matsayinsu, sun cinye gurbi takwas, saura biyu ga motoci goma sha huɗu. Kyamara kuma gaba take bi. Motar da ke wutsiya ba a nuna ta sai in na gaba ya zo zai zagaye ta ana kaɗa mata shuɗiyar tuta don ta ba da hanya, ko in ta tsaya a gefen hanya tana hayaƙi. Wanda ya zaɓi Cadillac ya shirya wa kallon sunan direbansa a ƙasan jerin da ke gefen talabijin, sa'a ɗaya da rabi. Wanda ya zaɓi Audi yana da damar ganin motarsa cikin turmutsutsun tsakiya, inda ake kokawar na tara da na goma, kuma sau da yawa nan ne kallon ya fi daɗi. Ranakun bikin Cadillac su ne Miyami da Ostin da Las Begas, sai Meziko saboda Pérez. Galibinsu da dare suke faɗowa a agogonmu, Las Begas kuwa da asubar Lahadi. Audi ba ta da tseren gida ko ɗaya, don Jamus ba ta cikin jadawali. Mu ma haka, rabon Afirka da tseren Formula 1 tun Kyalami ta Afirka ta Kudu a 1993.

Ni Audi na ɗauka, kuma ba don ina ganin za ta yi abin mamaki bana ba. Na ɗauke ta ne don ciwonta guda ɗaya ne babba, an kuma san inda yake, ga yaron da za a iya girma tare da shi. In kai mutum ne da ba ya jure ba'ar majalisa, kana son ko sau ɗaya a wata ka sami abin faɗa ranar Litinin, bi Audi, amma ka sa a ranka injin zai ba ka kunya wasu Lahadin. In kuwa abin da ke burge ka shi ne ganin an kafa gida daga tubalin farko, kana iya yin murna don motoci biyu sun kai ƙarshe lafiya, to Cadillac taka ce, kuma nan da shekara biyar ba wanda zai ce maka ɗan bin nasara. Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne ya bi Cadillac saboda kyan fenti, ko don tambarinta ne a motar shugaban Amurka.

Kuma kada a auna su da mudu ɗaya. Ga Cadillac, a fara duba ko ta shiga cikin kashi 107 na lokacin wanda ya fi sauri a zagayen farko na neman gurbi, dokar da ta hana HRT tashi a Ostareliya a 2011 da 2012. Sai a duba tazarar da ke tsakaninta da motar da ke gabanta, tana raguwa daga wata zuwa wata ko a'a, da kuma daƙiƙa nawa take ɓatawa wajen canjin taya. Maki ɗaya tak a shekarar nan abin yanka rago ne. Ga Audi kuwa mudun ya fi zurfi: sau nawa injin ya mutu, yaya gudunta a doguwar miƙaƙƙiyar hanya in batir ya fara ƙarewa, sau nawa ta shiga goman farko ranar Asabar, ranar neman gurbi. In ta gama bana ƙasa da inda Sauber ta tsaya bara, wannan koma baya ne, ko me aka faɗa a gaban 'yan jarida.

Na zayyana wa ɗan yayata duk wannan, har shayin da aka kawo mana ya huce. Ya saurara tsaf, sannan ya ce, "Kawu, na ji. Amma ni dai Pérez nake so." Na ce to shi ke nan, ai da ka faɗa tun farko da ban bushe maƙogwaro ba.

Tseren farko ranar 8 ga Maris na 2026 ne a Melbon ta Ostareliya, ƙarfe biyar na asuba agogon Garwa, daidai lokacin da ake ƙarasa sahur. Mun shirya zai kwana gidana, mu ga tashin motoci, mu je masallaci, mu dawo mu tarar da sauran. Bakanike ya ce shi ba zai zo ba, amma in gari ya waye a gaya masa injin wa ya fara hayaƙi.